Amsa ga mai son barin dizainan SSMS ya koma wata manhajar wajen kula da viyu

Tambayarka a taƙaice ita ce kana aiki da SQL Server, manhajar databes ta Microsoft, duk viyun da ke databes ɗinku, wato kweri da aka ba suna aka ajiye, da dizainan nan mai haɗa kweri da zane da ke cikin SSMS (SQL Server Management Studio) kake haɗa su, yanzu abin ya fara isarka saboda yana hargitsa maka kod kuma akwai waɗanda ma ya ƙi buɗewa, shi ne kake tambaya ko ka koma irin su DBeaver ko DataGrip ko dbForge, kuma wacce ta fi.

To ɗan'uwa, eh ka bar dizainan, wannan ko shawara ba ta buƙata. Amma kafin ka sauke wata manhaja ina so ka gane cewa ba rashin kyan dizaina ne kaɗai ke damunka ba, abin da ke damunka shi ne asalin rubutun viyun naku ba shi da gida sai cikin sabar, duk wanda ya danna sebin na ƙarshe to nasa ne gaskiya, na jiya ya tafi. In ka canja manhaja ba ka gyara wannan ba to matsalar za ta biyo ka, sikirin ne kawai zai ƙara kyau.

Bari in fara da abin da dizainan yake yi dan ka san me kake gudu. Viyu ba komai ba ne illa SELECT da aka ba suna aka ajiye, kuma SQL Server yana ajiye rubutun ne daidai yadda ka tura masa, da sarari da sauka layi da kwament ɗinka duka, za ka gan shi a sys.sql_modules ko ka kira OBJECT_DEFINITION ko sp_helptext. Shi kuwa dizaina in ka buɗe viyu da shi sai ya karanta rubutun ya mayar da shi zane, akwatin tebura a sama da jadawalin sharuɗɗa a tsakiya, sannan ya sake rubuta SQL ɗin daga zanen da salonsa, wannan sabon rubutun ne yake turawa in ka yi sebin. Shi ya sa tsarin layukan da ka zauna ka jera yake wargajewa, JOIN ya koma can ƙarshen layi, baka-baka su cika WHERE, kwament ɗin da ka sa tsakanin layuka dan na bayanka ya gane dalilin wani sharaɗi ya ɓace ko ya bar wurinsa. In sharaɗin naka ya haɗa AND da OR da yawa yakan sake jera su yadda za su shiga jadawalinsa, ma'anar tana nan amma kai da ka rubuta sai ka yi da gaske kafin ka gane abinka. Sannan duk abin da zane ba zai iya ɗauka ba to ya tsaya, UNION ba ya zanuwa, CTE, wato kwerin wucin gadi da ake buɗewa da WITH, shi ma haka, in ka sa ROW_NUMBER da OVER zai fito maka da saƙon cewa bai san wannan ba. Kuma su ne abubuwan da kweri na gaske ke buƙata kullum.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne TOP (100) PERCENT. SQL Server ba ya yarda da ORDER BY a cikin viyu sai da TOP ko makamancinsa, to in ka zaɓi jeri a dizaina sai ya lallaɓa ya ƙara TOP (100) PERCENT dan kawai rubutun ya wuce. A zamanin SQL Server 2000 dabarar tana fitar da jerin, mutane suka saba, daga 2005 injin ya gane cewa kashi 100 cikin 100 ai duka layukan ne sai yake watsar da jerin gaba ɗaya. Har yau za ka buɗe databes ka tarar da viyu cike da wannan layin, mai rahoto yana rantsuwa cewa a jere bayanan ke fitowa, alhali sa'a ce kawai yake ci saboda indeks ɗin da injin ya bi, ranar da tsarin aiwatarwa ya canja jerin ya tafi. Jeri a SELECT na waje ake sa shi, wanda ke kiran viyun. Akwai kuma tarkacen da yake bari, wato MS_DiagramPane1 da MS_DiagramPaneCount, bayanan inda kowane akwati yake zaune a zanen ne yake liƙa wa viyun a matsayin extended properties, ba sa cutar da komai sai ranar da ka zo kwatanta saba biyu ka ga an jero maka bambanci rututu alhali akwati kawai wani ya ja gefe.

Yanzu manhajojin. In kana son kyauta kuma kana taɓa databes iri-iri, DBeaver Community ta isa, da direbobin JDBC na Java take haɗuwa da kusan komai, SQL Server, PostgreSQL, MySQL, Oracle, SQLite, kana buɗe viyu ka ga rubutunsa ka gyara a nan, kuma in ka zo sebin sai ta nuna maka ainihin SQL ɗin da za ta tura kafin ta tura. Mai haɗa kweri da zane yana cikin nau'inta na kuɗi ne. DataGrip ta JetBrains ita ce na fi jin daɗinta wajen rubutu, tana gane sikima, wato tsarin teburan databes, sosai, tana cika maka JOIN daga alaƙar teburan, tana ja maka layi in ka kira kolum da babu shi tun kafin ka yi ranin, kuma tana riƙe tarihin abin da ka rubuta ko da ba ka ajiye shi a Git, ma'ajiyar tarihin kod, ba. dbForge Studio na Devart da Navicat su ne na wanda har yanzu ransa na son jan akwati da linzami, masu zanensu sun fi na SSMS ɗaukar kweri mai sarƙaƙiya. HeidiSQL ƙarama ce mara nauyi, ta fi ƙarfi a ɓangaren MySQL da MariaDB duk da tana shiga SQL Server. Kayan Redgate kuma ba maye gurbin SSMS suke ba, SQL Prompt a cikinsa yake zama yana tsara maka kod, SQL Compare kuma yana kwatanta databes biyu ya rubuta maka skirif ɗin daidaita su. Azure Data Studio kar ka fara da ita yanzu, Microsoft ta sa mata ranar ritaya 28 ga Fabrairu 2026 ta ce a koma VS Code da ƙarin MSSQL.

In ka matsa min sai na zaɓa, DataGrip in akwai mai biya, DBeaver in babu. Amma fa ka sani ko SSMS ɗin da ke hannunka ya wadatar in ka daina danna Design ka koma Script View as sannan ALTER To, wannan zai ba ka rubutun yadda yake a ajiye ba tare da ya taɓa shi ba. Mutane da yawa da ke cewa sun gaji da SSMS wannan maɓallin ɗaya ne suka gaji da shi.

Kuma duk mai zane, na kuɗi ne ko na kyauta, halinsu ɗaya, sai ya fassara rubutu zuwa zane ya dawo da shi, dan haka in ka buɗe viyun da aka rubuta da hannu a mai zanen dbForge ko Navicat ka yi sebin daga can kar ka yi mamaki in tsarinka ya canja. Ni inda nake ganin amfanin zane shi ne farkon aiki, ka shigo databes da ba ka sani ba mai tebura 300, ka jawo guda biyar ka ga yadda suke haɗuwa, ka kwafe SQL ɗin ka fita da shi zuwa edita, daga nan kuma hannu ne.

Abin da za ka fara dubawa a kowace manhaja, kafin launi da saurin buɗewa, shi ne me take turawa in ka danna sebin. ALTER VIEW ne ko DROP sannan CREATE? Bambancin ba ƙarami ba ne. ALTER yana barin izinin da aka ba mutane a kan viyun, DROP kuwa yana tafiya da duk GRANT ɗin da ke kansa da tirigar INSTEAD OF in akwai, wato kod ɗin da ke tashi da kansa in an yi rubutu ta viyun, viyun zai dawo da sunansa lafiya lau kai kana ganin komai daidai saboda kai mai gida ne, sai gobe da safe manhajar rahoto ta fara ihun ba ta da izini. Tun SQL Server 2016 SP1 akwai CREATE OR ALTER VIEW, shi za ka riƙe, yana ƙirƙira in babu yana gyarawa in akwai kuma izini na nan. To amma ko ALTER ɗin yana da nasa tarkon, in viyun mai indeks ne ALTER VIEW yana zubar da duk indeks ɗin da ke kansa ba tare da ya tambaye ka ba, kuma ba wani kuskure da zai fito, kawai za ka ji an ce kwerin da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya yanzu yana cin minti. Dan haka fayil ɗin irin wannan viyun dole ya ƙunshi CREATE UNIQUE CLUSTERED INDEX ɗinsa a ƙasa. Ka kuma duba ko manhajar tana dawo da WITH SCHEMABINDING da WITH CHECK OPTION, dan ALTER da bai ambace su ba cire su yake.

Sai ƙananan abubuwan da ke kama wanda ya baro SSMS. GO ba umarnin SQL ba ne, alama ce da SSMS da sqlcmd suke gane wa su yanka skirif gida-gida, kuma CREATE VIEW dole shi ne farko a nasa yankin, yawancin manhajojin nan sun san GO amma ka gwada kar ka ɗauka. A DBeaver akwai saitin da ke ɗaukar layin da babu komai a matsayin ƙarshen umarni, to ka duba wannan da kyau, dan in ka bar fili tsakanin FROM da WHERE ka danna Ctrl+Enter tana iya tura rabin sama kaɗai, kuma rabin saman cikakken SQL ne mai aiki, kenan ka ƙirƙiri viyu babu WHERE, wanda aka yi shi dan ya ɓoye wasu layuka yanzu yana nuna kowa da komai. Ka canja saitin ko ka riƙa zaɓar rubutun duka kafin ranin. Haka nan ka sa wa haɗin sabar aiki nau'in Production, zai canja launi ya kashe kwamit na kai tsaye, wato tabbatar da canji nan take, ya riƙa tambayarka kafin ya aiwatar.

Akwai kuma zancen SET. SQL Server yana ajiye ANSI_NULLS da QUOTED_IDENTIFIER tare da viyun yadda suke a lokacin da aka ƙirƙire shi, kuma viyu mai indeks yana buƙatar su a kunne. Tsohon sqlcmd yana zuwa da QUOTED_IDENTIFIER a kashe sai ka sa masa -I, shi ya sa skirif zai yi aiki a edita ya faɗi a wajen turawa ta atomatik. ARITHABORT kuma SSMS yana kunna shi, direbobin da manhajoji ke amfani da su ba sa kunnawa, kuma saiti daban yana sa injin ya ajiye tsarin aiwatarwa daban, to in ka ga kweri ɗaya yana gudu a nan yana rarrafe a can kar ka yi saurin zagin sabuwar manhajar, sau da yawa ma ita ce ke nuna maka abin da masu amfani da ku suke gani.

In kuma wata rana aiki ya kai ka PostgreSQL ko MySQL, a nan ne za ka gane dalilin da ya sa nake ta nanata maganar fayil. SQL Server mutunci yake maka da yake ajiye rubutunka. PostgreSQL ba ya ajiyewa sam, yana narkar da kwerin ne ya ajiye fassararsa, in ka nemi rubutun pg_get_viewdef ya sake ƙera maka wani, babu kwament ko ɗaya, an ƙara baka da canjin nau'i ko'ina, IN ɗinka ya koma ANY. MySQL ma haka, SHOW CREATE VIEW zai miƙo maka dogon layi ɗaya kowane suna a cikin alama. Babu manhajar da za ta dawo maka da abin da sabar ba ta ajiye ba, iyakarta ta tsara maka wanda aka ba ta. Kuma kowanne da halinsa wajen gyara, a PostgreSQL CREATE OR REPLACE VIEW yana barinka ka ƙara kolum a ƙarshe ne kawai, ba ka cirewa ba ka canja suna ko nau'i ta nan, in kana son cire kolum ko canja nau'insa sai DROP, in kuma wasu viyun sun dogara da shi zai ƙi sai ka ce CASCADE, CASCADE kuwa zai kwashe su duka. In ka ga wannan kalmar a akwatin da manhaja ta nuna maka kafin sebin ka tsaya ka karanta sau biyu. Sauƙin abin shi ne a PostgreSQL da SQL Server kana iya sa irin wannan gyaran cikin BEGIN ka janye in ya ɓaci, a MySQL da Oracle kuwa umarnin canja sikima yana kwamit da kansa. MySQL yana da nasa ciwon kan na DEFINER, kowane viyu yana ɗauke da sunan asusun da ya ƙirƙire shi, ka kwashe shi zuwa wata saba inda babu wannan asusun sai kuskure mai lamba 1449 ya tare ka.

To ga yadda nake ba da shawarar a yi. Kowane viyu fayil ɗinsa guda, sunan fayil sunan viyu, a cikin Git. Ciki CREATE OR ALTER VIEW ne da kwament ɗin da ke faɗin dalilin kowane sharaɗi mai ban mamaki, sai indeks in akwai, sai GRANT. Gyara a fayil ake yi, da duk editan da mutum ya ga dama, wani DataGrip wani VS Code ba ruwan kowa, a gwada a sabar gwaji, wani ya duba bambancin, sannan a tura. Wajen turawa Flyway, manhajar tura canje-canjen databes zuwa saba, yana da abin da ya dace da viyu sosai, fayil ɗin da sunansa ya fara da R__ ana sake gudanar da shi duk lokacin da abin cikinsa ya canja, bayan an gama sauran fayilolin masu lamba a sunansu. Sai dai yana bin su ne da jerin haruffan suna, dan haka in wani viyu yana kiran wani sai ka sa lamba a sunan yadda na ƙasa zai riga na sama. Liquibase yana da runOnChange mai irin wannan aikin. In kuma ku 'yan Microsoft ne zalla to SSDT, wato SQL Server Data Tools, da sqlpackage, SSDT yana gina databes ɗin gaba ɗaya kamar kod, in viyu yana kiran kolum da aka cire tun wajen gini zai faɗi, kuma shi ke lissafa wa zai riga wa.

Fitar da su karon farko ba wuya, Generate Scripts na SSMS yana da zaɓin fayil ɗaya ga kowane abu, ka kashe masa fitar da extended properties dan tarkacen zanen nan kar su biyo ka. In da kweri za ka ciro to daga sys.sql_modules, kar ka bi ta INFORMATION_SCHEMA.VIEWS dan ba ya ba ka abin da ya wuce haruffa 4000, kuma viyun da dizaina ya rubuta suna wuce haka cikin sauƙi. Wanda aka yi da WITH ENCRYPTION zai fito NULL, sai ku nemi asalin a wajen wanda ya rubuta. Ka lura kuma da waɗanda aka taɓa canja wa suna da sp_rename ko ta danna F2, sunan yana canjawa amma rubutun da ke sys.sql_modules yana nan da tsohon suna, in ka kwashe shi haka ka gudanar sai ka ƙirƙiri wani viyu daban da tsohon sunan, na gasken kuma ba a taɓa shi ba.

Tunda za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi amfani da damar ka kashe SELECT * duk inda ka gan shi. Viyu yana haddace jerin kolum ne a ranar da aka ƙirƙire shi, ka ƙara kolum a tebur ba zai gani ba sai an yi sp_refreshview, wannan ma mai sauƙi ne, mai muni shi ne viyun da ya haɗa tebura biyu da tauraro, a ƙara kolum a na farko sai bayanai su zame gefe, ka ga lambar waya a ƙarƙashin kan da aka rubuta adireshi kuma babu kuskuren da zai fito. Rubuta sunayen kolum ɗin, wannan ma SQL Prompt da DataGrip suna buɗe maka tauraron da danna ɗaya. Inda ya dace ka sa SCHEMABINDING, zai hana kowa cire ko canja kolum ɗin da viyun ya dogara da shi, sharaɗinsa sunaye masu kashi biyu kamar dbo.Odoji kuma babu tauraro. Ba ko'ina nake sa shi ba dan yana sa gyaran tebur ya zama aiki biyu, amma a viyun da rahoton kuɗi ke zaune a kai ina sawa.

Viyu a kan viyu kuma, SQL Server ya yarda har hawa 32, wannan iyakar injin ce kawai, ni da na ga an wuce hawa biyu ko uku nake fara tambaya. Dizaina yana ƙarfafa wannan ɗabi'ar saboda viyu da tebur duk akwati ɗaya suke a idonsa, ka jawo ka haɗa, ba ka ganin cewa akwatin nan JOIN goma ne a cikinsa kuma tebur ɗin kwastomomi sau huɗu ake karanta shi. Kafin ka taɓa kowane viyu ka tambayi sys.dm_sql_referencing_entities su waye ke kiransa, manhajojin nan ma suna da shafin dogaro da ke nuna haka, sai dai duk cikinsu babu mai ganin kwerin da ke cikin kod ɗin manhajarku ko fayil ɗin Excel da Power BI da wani ya haɗa da viyun kai tsaye, waɗannan sai ka bincika kod ɗin da kanka ko ka duba Query Store, inda SQL Server ke ajiye tarihin kwerin da aka gudanar, ka ga abin da ake kira da gaske.

Abu na ƙarshe, abokan aikinka. Kai ka koma fayil amma in akwai mutum ɗaya da har yanzu yake shiga sabar aiki ya danna Design ya yi sebin, turawa ta gaba za ta goge gyaransa ko kuma nasa ya zauna a saba Git bai sani ba. Maganin shi ne a cire wa kowa izinin ALTER a sabar aiki a bar wa asusun turawa kaɗai, in hakan bai yiwu ba yanzu to a sa tirigar DDL, mai tashi in an canja sikima, a kan CREATE_VIEW da ALTER_VIEW da DROP_VIEW tana rubuta EVENTDATA a wani tebur dan a san wa ya taɓa me kuma yaushe, sannan a riƙa kwatanta saba da abin da ke Git a kai a kai da SQL Compare ko Schema Compare ko mai kwatancen DataGrip, a saita shi ya yi watsi da bambancin sarari da na extended properties.